IDAN ANNOBA TA KIRA MAIGIDA BAKIN AIKI

Zancenmu na yau a kan wata mace ne wadda ba a cika tunawa da ita ba. Kowa ya san halin da matar soja take shiga in an yi shelar yaƙi, kowa yana tausaya mata, ana zuwa ba ta haƙuri. To, akwai wata mai irin wannan hali, watau matar ma'aikacin asibiti a lokacin annoba. Ita mijinta farar riga ya sa, abokin gabarsa kuwa ba ya ganuwa da ido. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abokin gabar nan yana iya laɓewa a jikin maigida ya biyo shi har tsakar gida.

Ku tuna shekarar 2020. Ran 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a ƙasar nan, a Ikko, watau Legas. Mu nan kuwa muna ganin abin can nesa ne. A tsakiyar watan Maris muna ta shagali, don an dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan shekara wajen goma ba a yi ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya zo, masunta sun faɗa Matan Fada da homa da gora. Ashe a cikin makon nan ne, ran 11 ga Maris, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar ta zama annobar duniya baki ɗaya. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantu. A ƙarshen Afrilu, daidai da kamawar azumi, aka sami mai cutar a Jihar Kebbi. Asibitin gwamnatin jiha da ke Kalgo, kusa da Birnin Kebbi, shi aka keɓe don killace marasa lafiya.

Da aka ce kowa ya zauna gida, akwai waɗanda aka ce su su fito. Ba likitoci kaɗai ba: akwai nas-nas, da masu gwajin jini da majina, da direbobin motar asibiti, da masu shara da wanki, da ma'aikatan da ke bin ƙauyuka suna neman waɗanda suka yi cuɗanya da mai cuta. Kowane ɗayansu yana da iyali. Zuwa farkon watan Yuni na shekarar, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ce ma'aikatan lafiya fiye da 800 sun kamu a Nijeriya. Duk matar da ta ji wannan labari a rediyo, mijinta yana can bakin aiki, ta san yadda tuwo yake tsayawa a maƙogwaro.

Wata za ta ce, ai korona ta wuce, me ya kawo zancen yanzu? Gaskiya ne, a watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar. Amma annoba baƙuwa ce mai yawan dawowa. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe sama da 11,000, akasarinsu a Arewa. A 2021 amai da gudawa ya kashe fiye da 3,000. A farkon 2025 sanƙarau ya sake ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero. Duk lokacin da haka ta faru, mazan wasu daga cikinmu ake kira. Ƙofa biyu ake tsarewa a lokacin annoba: shi yana tsare ta asibiti, ke kina tsare ta gida. Kuma ƙofar gida ba ta tsaruwa da tsoro ko da ɓoye-ɓoye, sai da tsari da taimakon jama'a.

KAFIN YA SA ƘAFA WAJE

Mu mata muna da kunyar tambayar miji zancen kuɗi da na aiki. Kunya ado ce, amma ranar da aka kira shi aikin annoba, ki ajiye ta ku zauna ku yi magana.

Da farko ki tambaye shi wace irin cuta ce, kuma ta ina take bi. Wannan shi ne tushen komai, don kowace cuta da hanyarta. Korona da sanƙarau ta numfashi da tari suke bi, musamman a ɗaki mai cunkoso. Amai da gudawa ta ruwan sha da abincin da ƙazanta ta taɓa yake bi. Zazzaɓin Lassa daga ɓera yake fitowa, sa'an nan ya bi ta jini da sauran ruwan jikin majiyyaci. Haka kuma kowace da kwanakin da take ɓuya a jiki kafin ta bayyana: amai da gudawa ba ya wuce kwana 5, sanƙarau yakan kai 10, korona har 14, Lassa da Ebola har 21. In kin san wannan, kin san abin da za ki kiyaye da ranar da hankalinki zai kwanta.

Na biyu, cefane. Ku ƙidaya hatsin da ke gida, da kuɗin da ke hannu, da bashin da ake binsa da wanda yake bi. Kada ki ɗora tukunya a kan alawus ɗin da aka yi alkawari bai zo ba. Lokacin da korona ta shigo, kuɗin kasada da ake ba ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne kacal a wata, har likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki a watan Yuni na 2020 a kan wannan da ƙarancin kayan kariya. A daminar shekarar kuma ambaliya ta cinye shinkafar fadama a Argungu da sauran garuruwan bakin gulbi, abinci ya yi tsada. Matan da suke da 'yar sana'a a ɗaki, ko ƙuli-ƙuli ko ɗinki ko zubin adashi, su suka fi samun sauƙin lamarin.

Na uku, ya faɗa miki wanda za ki nema in wani abu ya taso da tsakar dare: wansa ko ƙanensa, ko wani amininsa, da kuma wani abokin aikinsa wanda zai ba ki labari in wayarsa ba ta shiga. Ki rubuta lambobin a takarda, don waya takan mutu.

Na huɗu, in kuna da abokiyar zama, ku daidaita zancen girki a gabansa tun kafin ya tafi. Gidaje da yawa sun sami zaman lafiya da suka yarda cewa kwana ya tsaya inda ya tsaya, in ya dawo a ɗora daga nan. In akwai shakka a tambayi malami. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma gidan da maigida ba ya nan ba ya bukatar wata tsaga.

TSARON ƘOFAR GIDA

Wasu ma'aikata akan riƙe su can wurin aiki mako biyu ko fiye. Wasu kuwa suna dawowa gida kullum, wanda ke Argungu ya yi sammako zuwa Birnin Kebbi ya komo da dare. Na biyun nan ne suka fi bukatar kulawarki.

Ki tanadi buta da sabulu da bokiti mai murfi a zaure ko kusa da makewayi. Takalmin aiki ya tsaya waje. Kayan aiki gara a bar su can asibiti, in kuwa sun zo gida su faɗa bokiti, kada a kakkaɓe su, a wanke su dabam da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana. Ya yi wanka kafin ya shigo cikin iyali. Wannan shi ne mai wuya, don yara da sun ji sallamar uba sai su sheƙa da gudu. Ki koya musu su yi masa oyoyo daga nesa, su jira ya fito wanka.

In cutar mai bin numfashi ce, ya kwana a turakarsa shi kaɗai, taga a buɗe, da kwanonsa da moɗarsa. Tsofaffi, da mai ciki, da mai ciwon suga ko hawan jini, su ya kamata a fi nisantarwa. Na san yana da nauyi a ce wa suruka ɗanta ba zai shigo ɗakinta gaisuwar safe ba. Kada ki ɗauki wannan a bakinki, bar shi shi ya yi mata bayani, ya riƙa gaishe ta daga bakin ƙofa.

In kuwa zazzaɓi ya kama shi, ko ke, ko yaro, kada ku sayo magani a kemis ku yi shiru don gudun bakin mutane. A sanar da asibiti nan take. Sanƙarau da amai da gudawa suna iya kashe mutum cikin yini guda, alhali kuwa duka biyu suna da magani in an gaggauta.

Kada wata ta ce wannan duk rashin tawakkali ne. Tarihi ya nuna Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke can sai ya juya da jama'arsa, ya nuna cewa kauce wa cuta ma yana cikin ƙaddarar Allah. Abu Ubaida kuwa, wanda amanar rundunar take hannunsa, ya zauna tare da mutanensa har annobar ta yi ajalinsa. Mijinki yana bin sawun na biyu, ke ki bi sawun na farko.

TSORO DA JITA-JITA

Da aka kafa dokar kulle a Ikko da Abuja da Ogun ran 30 ga Maris na 2020, daga baya kuma a Kano, maza suka yi ta kuka da zaman gida. Mu mata mun san kulle tun kafin gwamnati ta san shi. Amma kullen da zuciya take can wani wuri dabam ne. Dare yakan yi tsawo, ko ganye ya motsa sai gabanki ya faɗi.

Ku sa lokacin waya, ko bayan isha'i ko bayan asuba. In lokacin ya wuce bai kira ba, kada ki yanke hukunci. Mai aikin killacewa in ya shiga rigar kariya yakan yi sa'o'i ba ya iya taɓa waya, ko ruwa ma ba ya sha. In ya kira, kada ki ɓoye masa babban abu kamar rashin lafiyar yaro, amma faɗan yara da tsegumin maƙwabta su jira dawowarsa. Mutumin da hankalinsa ya rabu biyu shi yake mantawa da safar hannu.

Ki zaɓi inda kike jin labari. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, wani saƙo ya yaɗu ta waya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalinsu daga barci suka yi ta ɗirka, aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da yawa aka kwantar da su asibiti. Ke da kike da ma'aikacin lafiya a ɗaki, bai kamata a ji irin wannan daga bakinki ba. Duk abin da ya zo miki ta WhatsApp, tambaye shi tukuna kafin ki tura wa wata.

Akwai kuma amana. Kada ki matsa masa da tambayar wa aka kwantar, wa ya rasu. In ma wani suna ya suɓuce masa, ki binne shi a cikinki. Sirrin majiyyaci amana ce a wuyan mijinki, kalma ɗaya daga bakinki a gidan suna tana iya ɓata masa aiki, ta kuma sa wasu su ƙi zuwa asibiti.

Ke ma ki kula da kanki. Ki ci abinci, ki yi barci, ki riƙe addu'a, ki sami 'yar'uwa guda wadda za ki faɗa wa damuwarki. Kuka ba gazawa ba ne, sai dai a yi shi inda yara ba su gani.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Mu malamai mukan gane yarinyar da gidansu ba lafiya tun kafin ta buɗe baki, ai labarin zuciya a tambayi fuska. Ke da babanki yake aikin annoba, ki sani ba abin kunya yake yi ba. Ki taimaki mamarki da wanke-wanke da kula da ƙanne, ki zama mai tuna musu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa makewayi. In an rufe makaranta kamar yadda aka yi wata da watanni a 2020, kada ki rufe littafinki. Ki ware sa'a guda da safe, ki kuma koya wa ƙannenki abin da kika iya. In damuwa ta yi miki yawa, ki gaya wa mamarki ko malamarki.

Ku sani kuma aikin nan ba na maza kaɗai ba ne. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Rufaida ta kafa tanti a Madina tana jinyar waɗanda aka yi wa rauni. A zamaninmu akwai Dokta Stella Adadevoh, likita a Ikko. A watan Yuli na 2014 ta hana wani matafiyi da ya zo da Ebola daga Laberiya fita daga asibitinsu, duk da matsin da aka yi mata. Cutar ta kama ta, ta rasu ran 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba aka tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar. Da ta buɗe masa ƙofa, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. A asibitocinmu na Birnin Kebbi da Argungu ma, nas-nas da unguwarzoma da yawa mata ne, matan aure masu goyo. In uwargida ce aka kira, duk abin da na faɗa ya koma kan maigida da kishiya da kaka. Wata rana wata daga cikinku ce za ta sa farar rigar nan, kuma muna fata ku yi yawa, don mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace.

GARE KU MAƘWABTA

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai. In kun tambayi matan da suka ga wannan hali, da yawansu za su ce muku ba tsoron cutar ne ya fi yi musu ciwo ba, ƙyamar mutane ce. An hana yara wasa da 'ya'yansu. Mai talla ta riƙa tsallake ƙofarsu. Azumi ya zo ya wuce, kwanon buɗa-baki da aka saba aikowa bai zo ba. Wata ma in ta aika ɗiban ruwa sai a ce yaron ya tsaya can.

Ku dubi wannan lamari da idon basira. Mijinta yana can yana jinyar uban wata, ko ɗan wata, wataƙila ma naki. Ladan da za ki ba iyalinsa ke nan? Ban da rashin kyautawa, ƙyama tana da haɗari. Gidan da ya ga ana gudunsa tun ba a kamu ba, ranar da zazzaɓi ya shigo ɓoyewa za su yi. Cutar da aka ɓoye kuwa ita take cin unguwa.

Nisantar jiki dabam, yanke zumunci dabam. Kina iya tsayawa bakin zaure ki yi sallama ki tambayi lafiya. Kina iya aika tuwo a juye a kwanonsu. Yaronki in za shi kasuwa, ya tambaya ko suna da saƙo. Kina iya kiran waya bayan magariba, ko minti biyu ne. 'Yan adashi ku yi mata uzuri in zubi ya yi jinkiri, ko ku ba ta kwasar wannan karon. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa wanda ya kula da iyalin wanda ya fita don kare al'umma yana da rabo a cikin ladan fitar. Ga lada har ƙofar gida, ba sai kin je Kalgo ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

RANAR DAWOWA

In aiki ya ƙare, wataƙila a ce ya keɓe kansa na wasu kwanaki kafin ya shiga cikin iyali. Ki daure a cika su daidai, kada a yi asarar haƙurin wata biyu saboda gaggawar kwana biyu. Ki hana 'yan barka da zuwa cika gida sai wa'adin ya cika.

Kada ki yi mamaki in ya dawo ba kamar yadda ya tafi ba. Mutumin da ya ga rai yana fita a hannunsa, wani lokaci ma ran abokin aikinsa, yakan dawo da shiru, ko saurin fushi, ko firgita cikin barci. Kada ki ɗauka ya daina son ki ne, kada kuma ki tsare shi da tambaya. Ki ba shi abincin da yake so, ki bar shi ya huta, in ya fara magana ki saurara. In makonni suka wuce abin bai sauka ba, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya lallashe shi ya ga likita. Mai ba da magani shi ma yakan bukaci magani.

In kuma allurar rigakafi ta samu, gidanku ya zama na farko a layi. Da allurar korona ta iso ƙasar nan a farkon Maris na 2021, ma'aikatan lafiya aka fara yi wa. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, ya daɗe cikin sarakunan Arewa masu jan hankalin talakawa ga rigakafi. Mutanen unguwa suna kallon gidan malamin asibiti: in matarsa ta kai 'ya'yanta, su ma za su kai nasu.

To, 'yan'uwa, kada mu jira sai an sake shela a rediyo. Yau ɗin nan kowace ta duba unguwarsu, ta san gidan nas, da na direban motar asibiti, da na mai sharar ɗakin marasa lafiya, ta ƙulla zumunci da matan gidan tun ana zaman lafiya. Ke kuma matar ma'aikaci, ki zauna da maigida ku yi shawarar nan tun ba a kira shi ba. Allah ya kare mazajenmu da 'ya'yanmu da ke bakin aiki, ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikinsa, ya raba mu da annoba ta fili da ta ɓoye, amin.